A Ɗauki Muryar Maginan Madatsunmu Tun Suna Raye

Duk wanda ya ga masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Guzuguzu a Kabo, ko ta Pada a Gwarzo, ya ga amfanin aiki, amma bai ga waɗanda suka yi shi ba. Bayan farin 1972 zuwa 1974 Jihar Kano ta duƙufa wajen tare ruwa. An kammala Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙananan madatsu suka biyo baya. Sunayen gwamnoni da injiniyoyi suna cikin fayil. Lebura da birkila da direban katafila kuwa, labarinsu yana bakinsu ne kawai. Saurayin da yake da shekara 25 a 1975 yau ya haura 70.

Wasu ƙasashe ba su yi sakaci da irin wannan ba. A 1933, lokacin karayar tattalin arzikin duniya, Shugaba Roosevelt na Amurka ya ɗebi matasa marasa aikin yi don shuka itatuwa da hana zaizayar ƙasa. Kafin a rufe shirin a 1942 kimanin mutum miliyan 3 sun shiga. Da suka tsufa, jami'o'i suka bi su da rikoda. Mu kuwa, leburorin gandun daji na En'e na wancan zamani sun shuɗe, sun bar mu da rahotannin Turawan mulki.

Ba tarihi kaɗai za a tsira da shi ba. Dattawan nan sun san inda rafi yake bi a da, da inda aka haƙo ƙasar ciko, da garuruwan da aka tasa. Wanda ya tuna ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba zai raina wannan sani ba.

Aikin ba baƙo ba ne gare mu. Hirar da Mary Smith ta yi da Baba 'yar Karo a 1949 da 1950 ta zama littafin da ake karantawa har yau.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero su haɗa kai da ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo. Dagatai su nuna dattawan, ɗalibai su ɗauki hirar a lokacin hutu, a rubuta ta da Hausa, a adana. Wayar hannu ma ta isa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.