Ɓeran Masar Ya Ƙi Ci: Laifin Wa?

Jama'a, ina so in yi magana a kan wata 'yar dabba wadda da yawa daga cikinmu za mu ajiye wa yara a makarantunmu idan mun fita, watau ɓeran Masar. Sunan dai ya yaudare mu, don ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa duwatsun Andes ne, wajen ƙasar Peru a Amurka ta Kudu.

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Jos, na sauka a gidan yayana a unguwar Abattoir. Ɗansa yana da ɓerayen Masar biyu a wani akwati a bayan ɗaki. Da damina ciyawa ya ke yanko musu. Da hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, sai ya koma ba su dusa da tsabar dawa, suna ta ci, kowa na ganin lafiya lau. Wajen mako uku, ran nan da safe yaron ya zo ya ce, "Baffa, ɗayan ya ƙi ci." Na leƙa, na gan shi a takure a kusurwa, gashi a tashe, in ya motsa sai ya ɗingisa, in an ɗauke shi ya yi ƙara. Na ce sanyin Jos ne, a rufe shi da tsumma. Wani maƙwabci ya kawo kafso irin na ampisilin, aka ɓare aka zuba masa a ruwa. Kashegari ya fara zawo, ran na uku ya mutu. Ni da na ke koyon zama malami ina tsaye aka yi wannan, ban ce uffan ba, don ban san kome ba.

Da na biyun ya fara irin wannan takurewa, muka kai shi wurin likitan dabbobi. Abin da na koya ran nan, da abin da na karanta daga baya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ashe ɓeran Masar kamar mutum ya ke wajen abu guda: jikinsa ba ya iya yin bitamin C, sai ya samu a abinci. Akuya da kare da zomo duk jikinsu na yi musu nasu. A 1907 wasu likitoci biyu a ƙasar Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, suka riƙa ba ɓerayen Masar hatsi zalla, ba ɗanyen ganye. Sai dabbobin suka kamu da ciwon nan da ya riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa a zamanin da, mai sa dasashi zub da jini da gaɓoɓi su yi tsami. Ku duba fa! Abincin da masana suka ba su har cutar ta kama su, shi ne muka ba namu da sunan kiwo. Abin da ya fi ba ni haushi, a Jos aka yi wannan, garin da kabeji da latas da tattasai su ke jibge a kasuwar Farin Gada, ganyen bayan kabeji ma zubarwa a ke yi.

Kafson nan kuwa shi ya ƙarasa shi. Magungunan dangin fenisilin suna kashe ƙwayoyin da ke taimakonsa narka abinci a hanji, mugayen su sami wuri su yaɗu. Maganin da zai warkad da kai, shi guba ne a gare shi.

Akwai kuma maganar haƙora. Yana da guda 20, dukansu ba su daina tsiro har ya mutu, tauna ciyawa ce ke goge su. In ya rasa ta sai su zarce, ka gan shi ya zo ya shinshina abinci ya koma, yawu na jiƙa masa haɓa. Yana jin yunwa, ba dama ya ci. Cikinsa kuma ba ya jure zama wofi. Yini guda cur ba ci, ba 'yan kashin nan nasa a akwati, to, ba abin a jira gobe ba ne. Amma in kun ga ya sunkuya yana cin kashinsa mai laushi, kada ku tsorata, halinsa ne, yana ƙaruwa da shi.

Na san wani zai ce, "Haba Malam, a kan ɓera za a je wa likita, ga mutane ba su sami magani ba?" Maganarsa tana da hujja, kuma ba wanda ya tilasta wa makaranta ta ajiye dabba. Amma in mun ajiye, yara arba'in suna kallon yadda mu ke yi da ita, abin da suka gani kuwa shi za su ɗauka. Ɗan yayana kwana biyu bai yi mini magana ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, kada ɗalibin wannan kwaleji ya kai ɓeran Masar aji sai ya amsa tambaya uku. Wa zai kawo ɗanyen ganye kullum daga Nuwamba har saukar ruwa? Wa zai riƙe shi ran Asabar da Lahadi da lokacin hutu? Wa zai auna shi a sikeli kowane mako ya rubuta? Wannan na ƙarshe yara ne ya kamata su yi, ga darasin lissafi a ciki. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, kuma da ya ke dabba ce mai ɓoye ciwonta, sikeli yakan riga ido ganin ramarsa.

Ina kuma roƙon malamanmu na kimiyya su shirya mana ziyara zuwa Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa ta ke tun 1924, mu ji daga bakin masu aikin.

Na biyun dai ya tashi. Likita ya duba haƙoransa, ya ba shi bitamin C, muka riƙa ɗura masa niƙaƙƙen ganye da sirinji, bayan mako guda ya koma ci da kansa.