Wa Ya Ce Ɗan Fansho Hutu Yake Nema?

Walimar sallamar ma'aikaci a Najeriya jawabinta ɗaya ne. A yabi mutum, a miƙa masa agogon bango, sai shugaban ma'aikatar ya ce, "Alhaji ya yi wa ƙasa hidima, yanzu sai ya je gida ya huta." Kowa ya tafa. 'Ya'yansa ma su ɗora da cewa, "Baba, ka zauna kawai, mu za mu riƙa yi." Ana ɗaukar wannan a matsayin girmamawa, alhali hanya ce mai ladabi ta jingine mutum da sauran ƙarfinsa.

A duba lissafin. Dokar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya fara zuwa. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20, kamar yadda da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga kwalejojin horon malamai suka yi, yana da 55 za a sallame shi. Muhammadu Buhari yana da shekara 72 ya hau kujerar shugaban ƙasa a 2015, Bola Tinubu yana da 71 ya hau a 2023. Ƙasar da ke damƙa wa ɗan shekara 71 ragamar mutum sama da miliyan 200 ita ce ke gaya wa akanta ɗan shekara 55 wai ya gaji. Gwamnati ma ta san ba haka ba ne, tunda farfesoshi da alƙalan manyan kotuna sai sun kai 70, kuma a 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai malaman makaranta shekara 65 ko 40 a bakin aiki.

Da an ambaci ɗan fansho, magana sai ta koma kan kuɗi. Ba laifi, maganar kuɗin gaskiya ce. An ga tsofaffi suna jiran giratuti shekara da shekaru, wasu har sai magada sun karɓa. An ga Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora don ya gyara harkar fansho, kotu ta ɗaure shi shekara 8 a 2021 kan karkatar da kuɗin. Amma ko ranar da aka yi ritaya aka biya kowa haƙƙinsa cif, akwai asarar da ba a lissafa ta a takardar sallama.

Ofis ba wurin albashi ba ne kawai. Nan mutum yake da abokin shan shayi, da wanda suke jere sahu a sallar Azahar, da wanda suke musun ƙwallo, da masinjan da ke gaishe shi kowace safiya. Ma'aikacin da aka yi ta yawo da shi daga Kaduna zuwa Legas zuwa Abuja, yana zaune a gidan gwamnati, bai samu sukunin kafa majalisa a unguwarsu ba. Ya dawo gari ya tarar da tsararrakinsa 'yan kasuwa da manoma suna da tasu hirar, wadda ba shi a ciki. Wayar da a da ba ta hutawa, yanzu sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. Wasu tsofaffin abokan aiki ba sa haɗuwa sai a wuri biyu, layin tantance 'yan fansho da wurin jana'iza.

Wannan ba ƙorafin tsufa ba ne. Jami'ar Harvard a Amurka tana bin rayuwar wasu mutane tun 1938, daga ƙuruciya har tsufa, kuma abin da shugaban binciken, Robert Waldinger, yake ta nanatawa shi ne, ingancin zumuncin mutum da na kusa da shi yana cikin manyan abubuwan da ke nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a tsufa. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da shan karan sigari har 15 a rana. Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Za a ce ai wannan cutar Turawa ce, Bahaushe yana da dangi. Yana da su, amma gida cike da jikoki bai hana mutum rasa wanda zai ba shi amsa idan ya ɗauko labarin zamanin Gowon.

Sai kuma cikin gida, inda abin ya fi tsami. Hajiya ta shekara 30 tana tafiyar da gidanta daga safe zuwa La'asar ba mai sa mata ido. Kwatsam sai ga maigida ya tare a falo, ba fayil, ba taro, ba wanda zai ba umarni sai ita. Ya fara bin diddigin kuɗin cefane, ya tambayi dalilin ƙarewar man gyaɗa, ya ƙirga baƙin da suka shigo. Mutum biyun da suka haifi 'ya'ya takwas sai su gano ba su taɓa zaman hira ta awa guda ba. A Japan har likitoci sun ba wa damuwar da matan 'yan ritaya ke shiga suna nata. A nan kuwa maganin da abokai ke ba da shawara shi ne a yanki giratuti a ƙaro amarya. Aure halal ne, ba wanda ya ce a'a. Amma wanda ya kasa hira da matar da ta san shi tun yana hawa keke, ba yarinya 'yar shekara 20 ce za ta koya masa ba, ga kuma sabuwar haihuwa da kuɗin makaranta a kan fanshon da hauhawar farashi ke cinyewa.

Mata 'yan ritaya kuwa ko jawabin hutun ba a cika yi musu da gaske ba. Shugabar makaranta ko babbar nas tana ajiye aiki, sai a jibge mata jikoki, ta zama mai reno kyauta. In mijinta ya rasu tana da shekara 55 ta nuna sha'awar aure, 'ya'yanta ne za su fara cewa, "Haba Mama, da girmanki?" Addini bai hana ta ba, kunyar 'ya'ya ce ta hana.

Abin mamaki, zaman banza da sunan hutu ba gadon Hausawa ba ne, aikin albashi ne ya zo da shi. Dattijon Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi yana barin ɗaukar dila, amma ba ya barin zuwa rumfa, yana nan yana sasanta ciniki, yana tsayawa yara lamuni. Malamin zaure yana karantarwa har ƙarfinsa ya ƙare. Nana Asma'u, da ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙarni na 19, manyan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, su shiga ƙauyuka suna koyar da mata. Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, idanunsa sun tafi, amma har dab da rasuwarsa a 2017 yana da shekara 87 ana cika zaure don sauraron jawabinsa.

Ba ana cewa a riƙe tsofaffi a kan kujera matasa na yawo da takardun digiri ba. A sallame su daga ofis, amma kada a sallame su daga amfani. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, ga kuma tsofaffin hedimastoci a kowace unguwa suna zaune a bakin masallaci daga Asuba zuwa hantsi. Kwamitin makarantar unguwa, da na asibitin sha-ka-tafi, da zauren sulhun ma'aurata, da ƙungiyar manoma da ba ta da mai riƙe mata littafin kuɗi, duk suna buƙatar irin waɗannan mutane. Ƙananan hukumomi 774 ke ƙasar nan, kuma kowacce tana iya buɗe rajistar 'yan ritayarta da abin da kowa ya iya, ta riƙa kiransu kwana biyu a mako tana biyan kuɗin mota.