A Duba Waifa Tun Kafin Damina

'Yan'uwana direbobin bas masu jigila tsakanin Kano da Zariya, ku duba waifar motarku tun kafin ruwan farko ya sauka. Robar nan ta sha ƙurar hunturu da zafin bazara, ta ƙeƙashe ta tsattsage. Mai kunna ta kan busasshen gilashi yashi yake gurzawa, kuma zanen da ya bari shi ke watsa hasken fitilun motocin da ke tahowa da dare. Raina na ɓaci in na ga yaron mota ya leƙo da tsumma yana share gilashi ana tsaka da marka, mota maƙil da fasinjoji. Don Allah ku riƙa goge robar da jiƙaƙƙen tsumma, ku sauya ta duk shekara. Kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba.