Ina Takalman Yaran Ƙanƙara Suke Yau?

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin daji. Bayan kwana shida aka sako yara 344. Duk wanda ya bi labarin zai tuna hotunan da 'yan jarida suka ɗauka a makarantar: silifa da takalma a warwatse, akwatunan ƙarfe an bar su a ɗakunan kwana. Adadin yaran ya yi ta canzawa a bakin hukuma, amma silifa ɗaya da ta rabu da 'yar'uwarta ta gaya wa kowace uwa yadda aka fita da ɗanta: a guje, cikin duhu, ƙafa ba takalmi. Gani ya kori ji.

Ra'ayina shi ne Jihar Katsina ta fara tattara irin waɗannan kaya tana adanawa tun kafin su ƙare a bola. A Yunin 2020 an kashe gomman mutane a Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari. A Fabrairun 2024 an sace mata 'yan rakiyar amarya a yankin Damari ta Sabuwa. Kowane hari yakan bar abu a baya: allon da wuta ta lasa, hauyar manomin da aka harbe a gona, ƙyauren da harsashi ya huda, kwalla da samirar da uwa ta shafe shekaru tana tara wa 'yarta don jere. Ga baƙo, kwano ne kawai. Ga mai shi, guminta ne na adashe da sana'ar cikin gida, kuma shi ne abin da zai fita kunyarta ranar biki. Idan aka ƙona ɗaki, har da wannan ake ƙonawa, kuma babu rahoton da ke ƙirga shi.

Masu fasahar wannan zamani sun daɗe da gane nauyin da kaya ke ɗauka. A Kolombiya, Doris Salcedo ta karɓi tsofaffin takalman mutanen da aka sace aka ɓatar da su, ta saka su cikin ramukan bango, ta rufe da fatar dabba mai shara-shara wadda aka ɗinke da zare. Mai kallo yana hango takalmin dishi-dishi, ba ya iya taɓa shi, kuma haka mai jiran ɓataccen ɗan'uwa yake rayuwa. A Ruwanda, cocin Nyamata ta ajiye tufafin waɗanda aka kashe a cikinta a 1994, don kada wani ya zo gobe ya ce ƙarya ne. A nan gida, a 2022 aka baje kawunan yumɓu 108 a Legas don tunawa da 'yan matan Chibok da ba su dawo ba, aikin Prune Nourry da ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai tushe. Mu Musulmi ne: ba ma sassaƙa fuskar mutum, zaman makoki kwana uku ne, kayan mamaci kuwa haƙƙin magada ne, ko a raba ko a yi sadaka. To ai shi ya sa hanyar ajiye kaya ta fi dacewa da mu a kan mutum-mutumi. Allo ba gunki ba ne, kuma adana shaida bai saɓa wa haƙuri da ƙaddara ba. Masarautar Katsina tana riƙe da takobin Gajere tun zamanin Sarki Korau, babu wanda ya ce an yi laifi. Idan takobin sarki ya cancanci ajiya, hauyar talakan da ya mutu yana ciyar da gari ita ma ta cancanta.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Kada a ɗauki ko allura ba da yardar mai ita ko magada ba. A rubuta labarin kowane abu da Hausa, daga bakin mai shi, a ɓoye sunan wanda ke tsoron ramuwar gayya. Kada kuma a kwashe baƙin cikin mutane zuwa Legas ko Turai wani ya yi suna da shi, alhali masu shi suna gudun hijira a Funtuwa.

Masu aikin suna nan. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, akwai gidan tarihi a tsohon ginin Kwalejin Katsina, akwai malaman tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da masu zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A ware ɗaki ɗaya, a nemi hakimai da limamai su buɗe ƙofar magana da jama'a, a fara da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Duk sulhun da za a ƙulla da 'yan bindiga yana bukatar a san girman abin da aka yi wa mutane, domin wanda ba a amsa cewa an zalunce shi ba, da wuya ya yafe daga zuci.