Duwatsu 48 da yaro ɗaya: burin wane ne?

A jihar New Hampshire ta Amurka akwai duwatsu 48 da tsawonsu ya haura mita 1200. Wanda ya hau su duka wata ƙungiya na ba shi shaidar yabo, kuma akwai lissafi dabam na masu hawansu cikin hunturu. Ba ruwana da baligin da ya zaɓar wa kansa wahala. Abin da ke ci mini rai shi ne iyayen da ke jan ɗan shekara 6 ko 7 cikin dusar ƙanƙara don a cika lissafin.

Mafi tsawonsu, dutsen Washington, mita 1917 ne, kuma bisansa aka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a 1934. Sanyin da muke kuka da shi a Damagaram wasa ne. Jikin yaro ya fi na babba saurin rasa ɗumi, kuma in sanyi ya ci ƙarfinsa ba kuka yake ba: shiru yake yi, magana ta rikice, barci ya fara ɗaukarsa. Uban da idonsa ke ga ƙololuwa sai ya ce gajiya ce.

Hujjarsu kullum ɗaya ce, wai yaron ne ke so. Shekara 20 ina riƙe da alli, na san yaro fuskar ubansa yake duba kafin ya ce yana so. Haka ake kawo mana ɗan shekara 4 lakwal, a ce shi ya matsa sai an sa shi CI.

A kai yaro dutse, ban hana ba. Amma ranar da ya ce "Baba, mu koma", saura mita 100 a kai sama, uban zai juya?