Zauren Iyali: Labarin da ke da ƙarshe

Bayan fitowar da ta gabata, wata baiwar Allah daga cikin iyayenmu mata ta aiko mana da koke. Ta ce 'yarta ta shafe wata biyu da abin sauraro maƙale a kunne, tana bin wani labarin soyayya da ake turowa kashi-kashi ta WhatsApp. An haura kashi na 100, har yau ba a ɗaura auren ba, kuma duk inda labarin ya ɗauko daɗi sai a yanke, a ce sai an tura kuɗi. Tambayarta ita ce, shin ta ƙwace wayar?

Mu dai shawararmu kada ta ƙwace. Yaran da aka haifa a nan Kilomita Biyar da Sango suke wasa, da Faransanci suke boko, da Larabci suke tilawa. Littattafan Kano kuwa, waɗanda 'yan kasuwa kan haɗo mana cikin kaya ta hanyar Garwa-Bulai, da yawansu sun salwanta a 2014, lokacin da gidaje suka watse, wasu suka nufi Kamaru wasu Cadi. Akwatin yayarmu guda a haka ya tafi. Saboda haka muryar nan da yarinyar ke ji, mai yiwuwa ita ce Hausa mafi tsawo da ke shiga kunnenta a wuni. Abin da ya kamata a gyara shi ne zaɓi: a nema mata labarin da marubucinsa ya san inda zai tsaya tun kafin ya fara.

Na farko a wurinmu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, mai shagon yadi, yana da mata Rabi da 'ya'ya tara, amma cefane sai an yi da gaske. Kuɗin da ya hana gida su ya kashe wajen auro Delu, daga bisani ya kori Rabi da 'ya'yanta. Abin da ya sa muka fifita littafin shi ne marubuciyar ba ta bar Rabi zaune tana kuka ba. Ta ɗora tukunya ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta a makaranta, har ta aurar da 'yarta Saudatu cikin mutunci. Duk wanda ya zaga kasuwarmu da sassafe ya ga matan da ke riƙe da gidaje da ƙosai da tuwon sayarwa, ya san Rabi ba baƙuwa ba ce a unguwar nan. Ƙarshen labarin dai ya raba kan mutanen gidanmu: mahaifinmu ya ce an yi daidai, yayarmu ta ce an cuci Rabi, kuma har yau ba su sasanta ba. Malam Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012.

Mai son soyayya zalla sai ya nemi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad ɗan talakawa. An buga shi kashi-kashi kamar yadda aka saba a Kano, to amma labarin yana ƙarewa. Akwai wurin da Sumayya ta faɗa rijiya saboda baƙin cikin auren dole; in an zo nan, ya kamata babba ya dakatar da karatun ya yi wa yara magana. Sai kuma So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, ɗan siriri ne, kuma 'yan'uwanmu Fulani za su ga kansu a cikinsa.

Ga waɗanda idonsu ya fi sabawa da Faransanci, kada su wuce Une si longue lettre na Mariama Bâ 'yar Senigal, na 1979. Wasiƙa ce guda da Ramatoulaye, malamar makaranta a Dakar mai 'ya'ya goma sha biyu, ta rubuta wa aminiyarta Aïssatou tana cikin takaba, bayan mijin da ya juya mata baya ya auri ƙawar 'yarsu ya rasu. Kusa da gida kuma akwai Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa, wanda ya ci kyautar Goncourt ta 'yan sakandare a Faransa a 2020. Mata uku ne, Ramla da Hindou da Safira, kowacce ana ce mata ta yi haƙuri. Wannan kam na manya ne, domin akwai duka da cin zarafi a ciki ba tare da sakaya ba. Mun so a ce iyaye maza su riga mata karanta shi.

To, batun sauraro. Karanta littafi a rediyo tsohuwar al'ada ce a Kano, yanzu kuma ta koma YouTube da memori. A nemi littafi da sunansa da sunan marubucinsa. Mai karatun da ya ɓoye sunan mai littafi ya ci haƙƙin wani, a bar shi. Sashen Hausa na BBC ma ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, labarai ne gajeru da aka karanta a rediyo, kowanne a zama ɗaya ake gama shi. In ba a sami littafi da murya ba, ai gidan da ke da goggo mai iya karatun Hausa ya wadatu.

Abin da muka gaya wa waccan baiwar Allah shi ne ta fara sauraron kashin farko ita kaɗai, in ya kwanta mata, a cire abin kunnen a ƙara murya, a zauna tsakar gida bayan isha'i, musamman daren da aka ɗauke wuta. Ta aiko cewa sun fara da labarin Rabi, kuma yarinyar ta tsayar da karatun sau uku tana tambayar ma'anar kalma, har da kuykuyo.

Wanda ke da tsohon littafin Hausa da ya tsira a akwati, muna roƙon ya ba mu aro ta hannun masu raba wannan mujalla. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.