Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Hausawa Mazauna Bronx

Iyayena da yayyena,

Roƙo nake yi: a ware Asabar da Lahadi ɗaya kafin sanyi ya shigo, a kwashi yara a mota, a bi gefen kogin Hudson zuwa arewa. Yaranmu da yawa sun tashi a New York ba su san komai ba sai bene da jirgin ƙasa.

Tafiyar awa biyu da 'yan mintuna za ta kai ku Catskill, gidan Thomas Cole, mai zanen da ya rasu a 1848. A tsaya da yara a barandarsa, su ga duwatsun da ya riƙa zanawa, sannan su shiga su ga yadda ya sauko da su kan allo. Daga nan a haye gadar Rip Van Winkle zuwa Olana, gidan almajirinsa Frederic Church. Ya gina shi ne bayan ya ziyarci Beirut da Ƙudus da Dimashƙa, shi ya sa ƙofofinsa da adon bangonsa za su tuna muku da gine-ginen ƙasashen Musulmi.

Na san wasunmu na ƙyamar hoto. Amma waɗannan zane-zanen tsaunuka ne da ruwa da hadari da faɗuwar rana. Mutum, in ma akwai shi, ɗan ƙanƙani ne a gefe.

A kwana a Albany, da safe a shiga Albany Institute, inda aka tara ayyukan waɗannan masu zane. A tafi da darduma da guzuri, kuma a duba lokutan buɗewa tun daga gida.

Wassalam,
Ɗanku